Yadda Ake Inganta Katalis na Zinariya Don Haɗa Binil Kuloraid a Masana'anta

Kusan duk binil kuloraid da ake yi a duniya, wanda masu sana'ar ke kira VCM, roba ta PVC yake komawa: bututun ruwa, rigar wayar lantarki, firam ɗin taga da sauransu. Inda man fetur da iskar gas suka wadata, daga etilin ake farawa. Ƙasar Sin kuwa, da yake kwal ne arzikinta, galibin masana'antunta kabaid suke yi daga kwal da farar ƙasa, su zuba masa ruwa ya ba da iskar asitilin, sannan su haɗa asitilin da haidirojin kuloraid, wato HCl, a kan katalis. Katalis shi ne sinadarin da ke hanzarta haɗuwar ba tare da an cinye shi ba. Shekaru da dama wanda ake amfani da shi a wannan aiki gishirin zaiba ne, HgCl2, da aka shayar wa gawayi mai ƙofofi, kashi 10 zuwa 12 cikin 100 na nauyi a tsohon samfuri. Aibinsa sananne ne: da zafi ya taru a tukunyar haɗi sai zaibar ta tashi ta bi iska. Yarjejeniyar Minamata, wadda aka rattaba wa hannu a 2013 ta fara aiki a 2017, ta hana sababbin masana'antu amfani da zaiba a wannan hanya, ta kuma ɗora wa tsofaffi rage rabin abin da suke ci a kowane tan zuwa 2020 idan an gwada da 2010.

Tun 1985 Graham Hutchings, yana aiki a Afirka ta Kudu, ya duba bayanan da Shinoda na Japan ya tara kan gishirin ƙarafa daban-daban, ya ga ƙarfin aikinsu yana tafiya ne da ƙarfin da kowane ƙarfe ke da shi na karɓar lantarki. Zaiba tana da volt 0.85, zinariya tana da kusan 1.5, don haka ya yi hasashen zinariya za ta fi. A 1988 shi da Nkosi da Coville suka gwada, hasashen ya tabbata. Amma sai a 2017 ƙungiyarsa a Jami'ar Kadif ta Birtaniya ta nuna, ta hanyar leƙa katalis ɗin da hasken X yana tsakiyar aiki, cewa ba dunƙulen zinariya ke yin aikin ba. Ƙwayoyin zarra ne ɗaiɗaiku masu caji, suna kai da komo tsakanin Au(I) da Au(III), wato zinariya mai caji ɗaya da mai caji uku.

Wannan shi ne ginshiƙin duk abin da za a faɗa a ƙasa. Zinariyar da ta rasa cajinta ta koma Au(0) ta cure da 'yan uwanta, kuɗi ne kwance a cikin gawayi ba ya aikin komai. Inganta katalis ɗin yana nufin abu guda: a raba zinariyar ɗaiɗai tun wajen shiryawa, a kuma hana ta curewa na tsawon dubban sa'o'i. Wanda ya sa ido kan ƙarfin sa'ar farko kawai zai yi murna da wuri.

Gawayin da za a ɗora a kai

Ana yawan raina wannan mataki, alhali katalis mai kashi 0.1 cikin 100 na zinariya, kashi 99.9 ɗinsa gawayi ne. A nemi wanda faɗin fuskarsa ya kai murabba'in mita 800 zuwa 1,200 a kowane giram, wanda aka murza shi sanda-sanda masu kaurin kamar milimita 3, mai tauri wanda ba ya marmashewa. Na ɓawon kwakwa yana da tauri da ƙarancin toka, sai dai ƙofofinsa ƙanana ne ƙwarai, kuma su ne ke fara toshewa. Na kwal yana da ƙofofi matsakaita da suka fi barin iska ta shiga ta fita, amma tokarsa ta fi yawa. Ba a zaɓa da ka. A gwada biyun da girki ɗaya.

Toka ita ce abokiyar gaba ta farko. Baƙin ƙarfe da alminiyam da ke cikinta, idan suka haɗu da HCl, suna zama gishiri masu sa asitilin ya harhaɗu da kansa ya zama danƙo mai toshe ƙofofi. Don haka a jiƙa gawayin a ruwan asid HCl mai ƙarfin mola 1 zuwa 2, a zafin kamar 70°C, na sa'o'i huɗu zuwa shida ana motsawa a hankali don kada sandunan su karye. A ɗauraye da ruwan da aka cire wa gishiri har sai ruwan wankin ya daina nuna tsami, a busar a 120°C kwana guda. A auna toka kafin wanki da bayansa. Idan ba ta ragu sosai ba, a canza gawayin, kada a ɓata zinariya a kansa.

Zinariya mai caji tana buƙatar abin kamawa a fuskar gawayi, kuma rukunonin oksijin da na naitirojin su ne makamanta. Ana ƙara na oksijin da asid naitirik marar ƙarfi sosai. Ana ƙara na naitirojin ta hanyar shayar da gawayin yuriya ko melamin a gasa shi a 600 zuwa 800°C cikin iskar naitirojin. Duka biyun suna da iyaka. Naitirik idan ya yi yawa yana cinye bangon ƙofofi, sanda ta yi laushi, fuskar kuma ta yi tsamin da ke haifar da danƙo. Naitirojin ma haka: yana riƙe zinariya da kyau amma yana riƙe asitilin fiye da kima, sai a sami katalis da zinariyarsa ba ta cure ba amma ƙofofinsa sun toshe. A fara da kaɗan.

Kafin a tashi daga nan a auna yawan ruwan da gawayin ke sha. A ɗauki giram 10 busasshe, a riƙa ɗiga ruwa daga buret ana juyawa, har sandunan su fara sheƙi ba tare da ruwa ya kwanta a gindin kwano ba. Yawanci ana samun mililita 0.6 zuwa 1 a kowane giram. Wannan adadi shi ne ma'aunin ruwan zinariyar da za a haɗa, kuma kowane sabon kaya da ya iso sai an sake auna shi.

Ruwan da za a narkar da zinariya a ciki

Abin da aka saba farawa da shi shi ne gishirin zinariya HAuCl4·3H2O, wanda rabin nauyinsa zinariya ce. Lissafin kilo ɗaya na katalis mai kashi 0.1 cikin 100: giram 1 na zinariya, wato giram 2 na gishirin. Yana shan danshin iska nan da nan, yana kuma cin cokalin ƙarfe, don haka a auna shi da sauri da cokalin gilashi ko na roba, ko a narkar da kwalbar gaba ɗaya a tantance ƙarfin ruwan da na'urar ICP mai auna yawan ƙarfe a cikin ruwa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne narkar da shi a ruwa zalla a zuba wa gawayi. Gawayi da kansa yana miƙa wa zinariya lantarki, kafin ruwan ya ratsa ciki ta riga ta koma ƙarfe ta dunƙule a bayan sanda. Wani lokaci har da ido ana ganin sheƙi mai ruwan ɗorawa. Irin wannan katalis ya mutu tun bai shiga tukunya ba.

Tsohuwar dabara ita ce akwa rejiya, kashi uku na asid HCl mai kauri da kashi ɗaya na naitirik. Tana hana zinariya rasa caji, tana kuma sassaƙa fuskar gawayi ta samar da makama. A ɗakin gwaji har yanzu ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi, galibi da zinariya kashi 1 cikin 100, a busar a 140°C cikin naitirojin na kamar sa'o'i 16. Amma ba abin da za a yi tan-tan da shi ba ne: tana cin kusan kowane ƙarfe, hayaƙinta guba ne, kuma zinariyar da kuloraid kaɗai ke riƙe da ita ba ta jure dogon aiki.

Hanya ta biyu ita ce asiton busasshe. A 2020 masu binciken Kadif suka nuna cewa idan aka narkar da gishirin zinariya a asiton ko makamancinsa, ana samun ƙwayoyi ɗaiɗaiku ba tare da asid mai ƙarfi ba, domin irin wannan ruwa yana jiƙa gawayi sosai kuma ba ya ba da damar curewa. Sharaɗin shi ne bushewa: gwargwadon ruwan da ya shiga asiton, gwargwadon dunƙulen da za a gani. A busar da gawayin tukuna, a yi aikin a rufe, a kori asiton a zafi kaɗan, wajen 45°C, da naitirojin mai gudana. Asiton yana kama wuta, kuma haɗuwarsa da naitirik ko akwa rejiya fashewa ce. Kwalbar sharar wannan daban, ta wancan daban.

Hanya ta uku, wadda ta kai ga kasuwa, ita ce a canza abin da ke riƙe da zinariyar. Zinariya ta fi ƙaunar farar wuta a kan kulorin, don haka mariƙai masu farar wuta kamar tayosalfet da tayosayanet da tayoyuriya suna kama ta kam, har a iya shayar da ita daga ruwa zalla gawayi bai kashe ta ba. Da tayosalfet kamfanin Johnson Matthey ya yi katalis ɗinsa mai suna Pricat MFC, da zinariya wajen kashi 0.1 cikin 100. Masu bincike a Jami'ar Tsinghua sun bi irin wannan tunani da wani mariƙi mai naitirojin da kulorin, TCCA, a kan kashi 0.2.

Ga yadda ake haɗa na tayosalfet. Kowace ƙwayar Au(III) tana cin tayosalfet huɗu: biyu su mayar da ita Au(I), biyu su riƙe ta. Giram 1 na zinariya milimol 5.1 ne, saboda haka ana buƙatar aƙalla milimol 20.3, wato giram 5 na gishirin tayosalfet, Na2S2O3·5H2O, kuma gara a ɗan ɗara. Tsarin zubawa yana da muhimmanci ƙwarai. Ruwan HAuCl4 mai tsami ne, tayosalfet kuwa a cikin tsami wargajewa yake ya zubar da farar wuta. A tsarma ruwan zinariyar, a rage tsaminsa zuwa kusa da tsaka-tsaki, sannan a riƙa ɗiga shi cikin ruwan tayosalfet ana motsawa da ƙarfi, ba akasin haka ba. Launin rawaya zai ɓace, ruwan ya zama garau. Idan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, farar wuta ta fita. Idan ya yi duhu, salfaid na zinariya ne. Ko wanne ya faru, a kai ruwan wajen tace zinariya a sake sabo. A yi amfani da shi a ranar, kada ya kwana. Kuma kada a kusanto da ruwan amoniya wajen gyara tsami, domin amoniya da kuloraid na zinariya suna haifar da wani gari mai fashewa idan ya bushe.

Shayarwa da busarwa

A cika ruwan zinariyar ya kai daidai adadin da gawayin ke sha. A sa gawayin a ganga mai juyawa wadda cikinta roba ne ko gilashi, a fesa ruwan a hankali cikin minti 20 zuwa 30. Busasshen gawayi yana ɗaukar zafi idan ya jiƙe, har a ji yana huci, kuma wannan zafin yana taimaka wa curewa. Idan kayan da yawa ne a rage saurin fesawa. A rufe a bar shi sa'a ɗaya ko biyu ruwan ya daidaita a ciki.

A fasa sanduna kaɗan a duba yadda zinariya ta rabu daga baya zuwa tsakiya. Idan duk ta tsaya a fatar waje, matsala biyu ke tafe: cunkoso yana sa ta cure da wuri, kuma duk ƙurar da ta goge daga sanda wajen lodi da aiki ita ce mafi arzikin zinariya. Idan kuma ta nutse can tsakiya cikin ƙananan ƙofofi, iska ba ta kai mata da sauƙi. Abin da ake so shi ne ɓawo mai ɗan kauri, kuma ana sarrafa shi da saurin fesawa, da tsamin ruwa, da yawan mariƙi.

Busarwa a 105 zuwa 120°C ta isa ga na ruwa, a hau zafin sannu a hankali cikin naitirojin mai gudana. Busarwar gaggawa tana jawo ruwa zuwa waje tare da zinariyar. Ba a gasa wannan katalis a zafi mai yawa, ba a kuma bi da shi da haidirojin kamar yadda ake yi wa na wasu ayyuka. Yin haka kashe shi ne da hannu. A ajiye shi a rufe, nesa da haske da danshi.

Game da ƙara wasu ƙarafa, an gwada jan ƙarfe, kobalt, lantanam, bariyam, sisiyam, bismut da wasunsu, an kuma gwada lulluɓe zinariyar da gishiri mai ruwa-ruwa wanda ke tara HCl kusa da ita. Wasu suna rage saurin mutuwa. Amma kowane ƙari yana kawo nasa: jan ƙarfe da kansa katalis ne a wannan haɗi, don haka sai an gwada shi shi kaɗai kafin a ce taimakon zinariya ya yi, gishiri mai ruwa-ruwa yana da tsada kuma yana iya cika ƙofofi, dukkansu suna wahalar da tace zinariya a ƙarshe. Shawara ita ce kada a taɓa su sai gawayi da mariƙi sun zauna.

Gwajin da ba ya ruɗi

Yawancin sakamakon da ke burge mutum a takarda, yadda aka yi gwajin ne ya sa. Idan aka cika bututu da katalis aka sako iska kaɗan, za a ga asitilin ya ƙare kaf na tsawon ɗaruruwan sa'o'i, alhali saman shimfiɗar katalis ɗin yana mutuwa, na ƙasa ne ke rufa masa asiri. Gwajin da ke nuna gaskiya shi ne wanda asitilin ɗin da ke juyewa bai wuce kashi 20 zuwa 60 cikin 100 ba. A nan ne duk wani rauni ke bayyana a layin na'ura.

A ɗakin gwaji a niƙa katalis a tankaɗe zuwa maikuromita 150 zuwa 250, a gauraya da garin silikon kabaid ko kwatz don zafi ya bazu, a sa a bututun gilashi ko kwatz. Zafi 180°C, HCl ya ɗara asitilin da kashi 5 zuwa 15 cikin 100, saurin asitilin ya kai ninki ɗaruruwa na girman shimfiɗar a sa'a, kamar 360 ko 720, alhali masana'anta tana tafiya ne a wajen 30 zuwa 50. Abubuwa huɗu ne ake yawan mantawa. Gawayi tsirara yana ɗan yin aikin da kansa, sai an auna shi an cire. Asitilin na silinda yana ɗauke da turirin asiton, sai an tare shi kafin ya isa katalis. Iskar da ta fito sai ta ratsa ruwan soda ya kwashe ragowar HCl kafin ta shiga na'urar GC mai tantance iskokin da suka fito, in ba haka ba na'urar ba za ta daɗe ba. Na huɗu lissafi ne: mol biyu ke shiga, ɗaya na asitilin ɗaya na HCl, mol ɗaya na VCM ke fita, iskar tana raguwa, don haka a sa wata iska da ba ta shiga haɗin, kamar agon, a matsayin ma'auni, in ba haka ba adadin da za a samu ba daidai ba ne.

Kada a yanke hukunci a sa'o'in farko. Katalis ɗin akwa rejiya yana farawa ne da Au(III) mai yawa, sai ya ɗauki lokaci kafin ya daidaita tsakanin Au(I) da Au(III), kuma a wannan tsakanin ƙarfinsa kan hau ya sauka. Abin aunawa shi ne gangarar layin bayan ya natsu: kashi nawa yake rasawa a kowace sa'a 100.

Wanda ya tsallake wannan sai a kai shi bututu guda mai girman na masana'anta, faɗin ciki santimita 4 zuwa 5, tsawo kamar mita 3, da sanduna cikakku, da iskar masana'anta ta gaske, da ma'aunin zafi a wurare da yawa daga sama zuwa ƙasa. Haɗin yana fitar da zafi wajen kilojul 100 a kowane mol. A saurin 40, kowace kubik mita ta katalis tana karɓar kilomol 1.8 na asitilin a sa'a, ta ba da kilo 110 na VCM da zafin kilowat kusan 50, kuma yawancin zafin a ɗan guntun wuri yake taruwa. Wannan cibiyar zafi tana farawa daga sama ta riƙa gangarowa yayin da katalis ke mutuwa. Saurin gangarowarta, santimita nawa a wata, shi ne mafi amincin abin da zai faɗi tsawon ran katalis, tun kafin a ga komai a mafita.

Idan cibiyar ta yi tsini da yawa, a tsarma kason sama da gawayi tsirara ko a sa mai ƙarancin zinariya a can. Zinariya ba ta tashi kamar zaiba, amma zafin da ya haura 200°C yana gaggauta curewarta. Sanyi ma ba mafita ba ne: binciken Nkosi da abokansa ya nuna a ƙasa da 100°C danƙo ne ke kashe katalis, daga 120°C zuwa sama kuma rasa caji ne. Tsofaffin tukwanen zaiba da ake sanyayawa da ruwan zafi ƙasa da 100°C sukan bar gindin bututu ya yi sanyi ga zinariya, sai an koma ruwa mai matsi ko man ɗaukar zafi.

Iskar da ke shiga, da kunnawa da kashewa

Katalis mai kyau ya fi mutuwa ta wannan ƙofa fiye da ta girki. Asitilin na kabaid yana zuwa da iskoki masu guba, H2S da fosfin (PH3), wani lokaci da asin (AsH3), kuma da yake zinariyar kaɗan ce, gubar da zaiba mai kashi 10 za ta shanye ba ta ji ba tana iya gamawa da kason sama na zinariya. A wanke asitilin da ruwan haifokulorait ko asid salfurik mai kauri, a bi da ruwan soda, a riƙa duba shi da takardar naitiret na azurfa; idan ta canza launi, wankin bai yi ba. A sa shimfiɗar gawayi tsirara a gaban tukunya ta zama garkuwa. Ruwa ma a kore shi iyakar iyawa: yana haɗuwa da HCl ya ci bututu, tsatsar ta sauka kan katalis ta haifar da danƙo, yana kuma juya asitilin zuwa asitaldihaid.

HCl yana da nasa tarko biyu. Ana yin sa ne ta ƙona kulorin da haidirojin, kuma kulorin da bai ƙone ba idan ya gamu da asitilin fashewa ce, shi ya sa ake ƙona shi da rarar haidirojin. Amma rarar haidirojin ɗin nan, wadda ba a cika damuwa da ita ba a zamanin zaiba, tana cire wa zinariya caji. A riƙe ta a mafi ƙarancin da tsaro ya yarda, a kuma riƙa auna ta. Sannan duk inda asitilin zai bi, babu jan ƙarfe babu azurfa a famfo ko ma'auni, matsi kuma kada ya kai bar 1.5 a kan na iskar waje.

Idan tukunyar ta taɓa ɗaukar zaiba, a wanke bututu da layuka sosai, kuma idan akwai tukunyar zaiba a gabanta a sa matarin zaiba a tsakani. Zaiba tana manne wa zinariya, tana kuma mayar da tsohon katalis shara mai guba wadda masu tacewa za su caji kuɗi a kanta.

Ƙa'idar kunnawa ɗaya ce: asitilin ba ya taɓa ganin katalis shi kaɗai. Yana kama zinariya da ƙarfi fiye da HCl, kuma idan babu HCl kusa sai ya cire mata caji cikin ɗan lokaci. A fara da naitirojin a 110 zuwa 120°C har danshi ya daina fita. A sako busasshen HCl shi kaɗai a kai zafin aiki, a bar shi aƙalla rabin sa'a a ɗakin gwaji, sa'o'i da dama a babbar tukunya. Sannan a buɗe asitilin kaɗan, a riƙa ƙarawa mataki-mataki ana kallon cibiyar zafi, kwanaki ba sa'o'i ba. Wajen kashewa a juya tsarin: asitilin ya fara tsayawa, HCl ya ci gaba, naitirojin ya rufe. A haɗa famfon asitilin da ma'aunin HCl ta yadda idan HCl ya yanke, asitilin zai rufe da kansa. Rarar HCl ma kada ta wuce kima, domin tana ƙara 1,1-daikuloroitan, wani sinadarin da ba a so, a cikin kaya. VCM kansa yana jawo sankarar hanta, iyakar da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa kashi 1 ne cikin miliyan a aikin sa'o'i takwas, don haka ko ƙaramin gwaji sai a akwatin zuƙe hayaƙi.

Gano abin da ya kashe shi

A kwashe tsohon katalis kaso-kaso, sama da tsakiya da ƙasa, kada a gauraya, a gwada kowanne da sabon da aka ajiye daga kaya ɗaya. Tsini a digiri 38.2 a na'urar XRD, mai gano dunƙulen ƙarfe da hasken X, alamar dunƙulen zinariya ne, sai dai a kashi 0.1 rashin ganinsa ba hujja ba ce, dole a duba da madubin lantarki mai ganin ƙwayar zarra. A na'urar XPS, mai nuna cajin zinariya, ƙarfen zinariya yana fitowa a 84.0 eV, Au(III) wajen 86, amma hasken na'urar da kansa yana rage Au(III) yayin aunawa, saboda haka a taƙaita lokacin haskawa kuma kada a ɗauki adadin kamar yankan wuƙa. Faɗuwar faɗin fuska tare da ƙarin nauyin da ke ƙonewa tsakanin 150 da 450°C danƙo ne. A tuna gawayin ma yana ƙonewa, sai an cire na sabo. Fosfaras a kason sama kaɗai yana nuna wankin asitilin ne ya gaza. Idan ICP ta nuna zinariyar kanta ta ragu, a nemi ƙura a gindin tukunya da matatun gaba.

Kowanne da maganinsa. Curewa a wurin cibiyar zafi tana neman tsarma sama da gyara sanyaya. Curewa ko'ina tana komawa ga mariƙi, ko haidirojin, ko wata rana da HCl ya yanke. Danƙo yana komawa ga toka, tsatsa, sanyin gindi ko gawayi mai ƙananan ƙofofi.

Ana iya farfaɗo da wanda ya rasa caji ta hanyar bi da shi da kulorin ko iskar naitirik oksaid, NO, da aka tsarma a naitirojin, bayan an kore asitilin kaf an kuma tabbatar da na'ura, ba da zato ba. Wannan ba ya cire danƙo, kuma kowane zagaye yana ɗan cin gawayin. Idan ya ƙi tashi sai a kai shi wajen masu tace ƙarafa masu daraja su ƙone gawayin su kwashe zinariyar daga toka. Da yake cike yake da kulorin, ƙonawar tana buƙatar tanderu mai zafi sosai da matatar hayaƙi saboda gubar dayoksin. A lissafin da ya gabata, kubik mita ɗaya mai nauyin kilo 500 tana ɗauke da giram 500 na zinariya, kuma a sa'o'i 8,000 za ta iya ba da wajen tan 880 na VCM. Kafin kaya ya bar masana'anta a auna nauyinsa a bushe, a ɗebi samfuri daga kowace ganga a raba uku, ɗaya na masana'anta, ɗaya na mai tacewa, ɗaya a rufe da hatimi saboda saɓani, a kuma haɗa da ƙurar matatu da sharar da aka share daga gindin tukunya, domin a nauyi ɗaya sukan fi sandunan kansu zinariya.